Mai Zankon Araripe

Ranar da na fara ganin hoton dutsen, na daɗe ina kallonsa ban ce komai ba. Falale shida ne na farin dutse, an yanka su da zarto kamar tayil, an jera su gefe da gefe. A cikinsu wata halitta ce kwance, wuyanta dogo, bakinta babu haƙori ko ɗaya, a kanta kuma ga wani zanko a miƙe kamar tuta. Gauraka ce ta faɗo mini a rai, irin wadda muke gani a fadama muna yara, amma tukkun gauraka bai kama ƙafar wannan ba.

Sunanta Tupandactylus, ma'ana yatsan Tupan, abin bautar tsawa na mutanen Tupi a Barazil. Ta rayu kimanin shekara miliyan 115 da suka wuce, a yankin Araripe na jihar Ceará. Ba tsuntsu ba ce, ba jemage ba, ba kuma dainoso ba. Daga dangin masu rarrafe take, irin waɗanda suka koyi tashi, masana na ce musu terosor. Dubi hannunka. Yatsa na huɗu, na kusa da ƙaramin, shi ne a jikinta ya yi tsawo ya zarce damtse, fata ta miƙu daga bakinsa har zuwa ƙafa, ta zama fiffike. Idan wannan da ke cikin dutsen ta buɗe fukafukanta, sun haura mita biyu da rabi. Ƙasusuwanta kuwa holoƙo ne, shi ya sa da wuya a same su ba su ragargaje ba.

Zankon shi ne abin mamaki. Ƙashi kaɗan ne ya tokare shi, sauran duk nama ne da fata. Me halitta mai tashi za ta yi da irin wannan kaya a ka? Masanan da suka yi nazarin dutsen, ƙarƙashin Victor Beccari, sun fitar da sakamakonsu a 2021, suna ganin ta fi kiwo a ƙasa, tashin nata na gajeren zango ne, zankon kuma na ƙawa ne da jan hankalin abokan aure. Ni dai na gamsu, domin na ga yadda dawisu ke fama da jelarsa bai taɓa gajiya da ita ba. A 2022 kuma aka gano gashi iri-iri mai alamun launi a bayan zankon 'yar uwarta, wani nau'in da ake kira Tupandactylus imperator. Ashe kwalliyar har da rini.

Yadda dutsen ya zo hannun masana shi ya fi taɓa ni. A 2013 'yan sandan Barazil suka ƙwace shi daga 'yan fasa-ƙwauri a tashar jiragen ruwa ta Santos, cikin duwatsu wajen dubu uku da ake shirin fita da su. Tun 1942 dokar ƙasar ta ce irin wannan dukiya ta gwamnati ce. Da ya tsallake teku, da yanzu yana jikin bangon falon wani attajiri, babu wanda zai san labarinsa.

Zancen bai yi nisa da mu ba. A zamanin da wannan halitta ke yawo, Barazil da Afirka ta Yamma ba su gama rabuwa ba. Ƙaton kadan nan Sarcosuchus da aka tono a Gadufawa, cikin Tenere a jihar Agadas, an samu ɗan uwansa a Bahia ta Barazil. Na tsaya gaban ƙasusuwan dainoso a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, na ga yara sun buɗe baki suna ƙirga haƙarƙari.

Don Allah, wanda duk ya ci karo da ƙashi da ya zama dutse a daji, kada ya fasa shi, kada ya sayar wa baƙo. Ya bar shi inda yake, ya kai labari ga hukuma ko jami'a mafi kusa.