Kuɗin Tara

Tsohon ƙarfen ƙafar mota aka rataya a reshen darbejiya, shi ne ƙararrawar wata firamare a ƙauyen da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa. Da monita ya ƙwala masa dutse sai yara su ɓarko daga aji kamar an buɗe akurki, su nufi inuwar da masu talla suka jeru da ɗanwake, awara da dafaffen rogo da garin ƙuli. Wanda aka ba kuɗin tara ya tsuguna ya ci. Wanda ba a ba shi ba kuwa sai ya ja gefe yana zane a ƙasa da babban yatsan ƙafa, wai shi ba ya jin yunwa.

A nan gona jingine take da gona, ba a barin saura. Kafin yaro ya sa kayan makaranta ya ɗebo ruwa, ya yanko wa awaki ciyawa, da rani kuma ya kora jaki da mangalar taki. Shi ya sa nakan yi murmushi in na ji 'yan birni na wa'azin motsa jiki. Ku zo ku kalli langa. Yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya, yana tsalle da ɗayar, yana kai wa abokin karawa kafaɗa, ƙura na tashi har sai wani ya saki ƙafarsa ya zube. 'Yan mata na gefe suna gaɗa da carafke. Ba kuzari ne ya yi wa yaran nan ƙaranci ba, abin da za su mayar ciki bayan sun ƙona shi ne babu.

An taɓa ɗora tukunya dominsu. Gwamnatin Kwankwaso ta farko, daga 1999 zuwa 2003, ta ciyar da 'yan firamare a jihar Kano. A 2016 gwamnatin Buhari ta kawo nata shirin, naira 70 kan kowane yaro a rana, matan gari su dafa su kawo a kula. Sai dai 'yan aji ɗaya zuwa uku kawai ya shafa, don haka ɗan aji huɗu yakan laɓe a taga yana jiran ƙanwarsa ta rage masa. Malamai sun ce a wancan lokacin ba sai an bi gida-gida neman ɗalibai ba, har masu goyo a baya zuwa suke. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da shirin tare da sauran na tallafi.

Abin da ya fi damuna ko a lokacin da tukunyar ke tafasa shi ne jadawali. Yunwar manomi a tsakiyar damina take, Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ga zazzaɓin sauro. Daidai nan makaranta ke rufewa don dogon hutu. A irin watannin ne ma'aikaciyar lafiya ke zagaya damtsen ƙananan yara da ma'aunin nan mai launi uku, in ya tsaya a ja ta ce tamowa ce, a wuce asibiti.

Da na je makarantar, hedimasta ya ja ni bayan ofis ya nuna mini ɗan lambunsu: zogale layi biyu, yakuwa, da waken da 'yan aji shida suka shuka. Da kaka iyaye kan kawo kwano-kwano na gero da gyaɗa a dama wa ƙanana kunu sau biyu a mako, har ya ƙare.

"Ranka ya daɗe, yaya kuke da awaki?" na tambaya.

Bai amsa ba, ya sunkuya ya ja reshen ƙaya ya toshe wata ɓaraka a jikin shingen.