Zazzaɓin Akori-Kura: Abin Da Tsohon Inji Ya Koya Wa Malamin Ilimin Halittu

A ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a ƙofar gidanmu mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana akori-kurarsa ƙirar Peugeot 404, wadda jama'a suka fi sani da Fijo. Irin motocin nan ce da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsu a can a 1975. Da ita aka yi jigilar hatsi, da ita aka kai amare, kuma a bayanta muka yi wayo. Bayan rasuwarsa sai ta kafe wuri guda, tayoyi suka lotsa, kaji suka mayar da ita akurki. Ranar da 'yan gwangwan suka fara taya ta da awon kilo na ƙudurta cewa sai na tashe ta.

Na sauya tayoyi da batir da fulogogi, aka wanke kafireto, aka gyara birki, inji ya tashi. To, amma a fitarmu ta farko, cikin zafin watan Afrilu, ba mu yi nisa ba allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe gaban mota. Akori-kura ta kamu da zazzaɓi. Neman maganin wannan zazzaɓi shi ya mayar da ni kan darasin da na shekara da shekaru ina koyarwa a aji, wato yadda jiki ke daidaita zafinsa.

Daga Ina Zafin Yake Fitowa?

Injin mota wuta yake ci. A duk lokacin da fetur ya kama a cikin silinda, zafin iskar da ke ƙonewa yakan haura digiri 2,000 a ma'aunin Selsiyas. Daga cikin ƙarfin da ke cikin man, abin da ke zama tafiya bai fi kashi ɗaya cikin 4 zuwa ɗaya cikin 3 ba. Kimanin sulusi yana fita ta salansa, kimanin sulusi kuma yana shiga jikin ƙarfen injin. Kan injin 404, wanda makanikai ke kira tof-silinda, da gorar ruwa aka yi shi, ita kuwa gorar ruwa tana narkewa a digiri 660, kuma tun kafin a je ko kusa da nan take fara lanƙwashewa. Ke nan dole a sami abin da zai riƙa kwashe wannan zafi ba tsayawa.

Jikinmu ma haka yake. Mafi yawan ƙarfin abincin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama. Duk da haka zafin cikin jikin mai lafiya yana nan kusa da digiri 37, ko da hunturu ko da bazara. Masanin nan na Faransa, Claude Bernard, shi ya fito da wannan fahimta a ƙarni na 19, cewa rayuwa ta dogara ne a kan daidaiton yanayin cikin jiki. A 1926 kuma Walter Cannon na Amurka ya raɗa wa al'amarin sunan homiyostasis.

Zuciya, Jini Da Fatar Inji

Idan mai karatu ya ɗaga murfin inji zai ga sassa huɗu da suka yi kama da na jikinsa. Ruwan da ke zagaya injin shi ne jini. An zaɓi ruwa ne saboda yawan zafin da yake iya haɗiyewa: ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin kimanin jul 4,200, wato kusan ninki 9 na abin da kilo ɗaya na baƙin ƙarfe ke ci. Famfon ruwa, wanda fambel ke juyawa, shi ne zuciya. Lagireto shi ne fata, domin a cikin siraran bututunsa ruwa ke miƙa wa iska zafin da ya ɗebo, kamar yadda jijiyoyin jini ke buɗewa a ƙarƙashin fata idan mutum ya ji zafi, ko yadda giwa ke kaɗa kunnuwanta don sanyaya jinin da ke ratsa su.

Na huɗu shi ne tamostat, wani ɗan ƙaramin bawul da ke tsare hanyar da ruwa ke bi daga inji zuwa lagireto. A cikinsa akwai curin kaki. Idan inji yana da sanyi hanyar a rufe take, ruwa ya yi ta kewayawa a cikin injin har ya ɗumama. Da zafi ya kai adadin da aka buga a jikin bawul ɗin, galibi tsakanin digiri 75 da 90, sai kakin ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar ta buɗe. Takwaransa a jikinmu shi ne haifotalamus, wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa mai auna zafin jini, wanda ke ba da umurnin a yi gumi ko a yi kyarma.

Abin Da Muka Tarar

Na kai motar wurin wani dattijon bakanike da ya tsufa a cikin gyaran irinta. Da ya kwance mazaunin tamostat sai muka tarar da shi wayam. Na ce, "Baba, ina ya tafi?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai cire shi ake yi. Cewa ake yi na ƙasar sanyi ne." Wannan al'ada ta yaɗu ƙwarai a garejinmu, kuma tushenta kuskuren fahimta ne. Ana zaton cewa gwargwadon sanyin inji gwargwadon lafiyarsa. Alhali kuwa injin da ya kasa ɗumama, musamman da safiyar hunturu, ba ya ƙone mai sosai. Ɗanyen fetur yakan wanke baƙin man da ke jikin silinda, raɓar ruwa ta taru a cikin baƙin mai ta zama dagwalo, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe. Bugu da ƙari, cire tamostat yana ɓoye ainihin cutar ne kurum, kamar wanda ya yi ta shan maganin saukar da zazzaɓi bai nemi sanin ƙwayar cutar ba.

Ainihin cutar a lagireto take. Da aka fasa dalmar da ta riƙe kansa sai ga yawancin bututun a toshe da jar laka da wani farin ɓawo. Farin ɓawon nan shi ne wanda ake gani a gindin tsohuwar butar shayi. Gishirin kalsiyam ne da ke narke cikin ruwan rijiyoyi da yawa, wanda zafi ke daskarar da shi a jikin ƙarfe, ya zama bargo mai hana zafi fita. Jar lakar kuwa tsatsa ce. A cikin injin akwai baƙin ƙarfe da gorar ruwa da tagulla, kuma idan ƙarafa mabambanta suka haɗu a cikin ruwa mai gishiri-gishiri sukan zama tamkar batir, ɗayansu ya riƙa zagwanyewa. Haka fukafukan famfon ruwan suka cinye, zuciya ta rasa ƙarfin harba jini.

Sai kuma murfin lagireto, wanda robarsa ta bushe ta tsage. Aikin murfin nan ya wuce hana ruwa zuba, domin shi ke riƙe matsi a ciki. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a gaɓar teku, a Jos kuwa, mai tudun kimanin mita 1,200, a wajen digiri 96. Amma idan aka ninka matsin iska sau biyu ba ya tafasa sai ya kai kimanin digiri 120. Saboda haka murfin da ke hucin iska yakan sa ruwa ya tafasa da wuri, tururi kuwa ba ya kwashe zafi kamar ruwa.

Sakamakon duk wannan shi ne gaskit ɗin tof-silinda ya ƙone. Alamominsa uku ne: kumfa na tasowa a bakin lagireto idan inji na aiki, farin hayaƙi a salansa, da baƙin mai da ya koma launin shayi da madara.

Magani

An wanke bututun lagireto ɗaya bayan ɗaya aka sake like shi, aka goge fuskar tof-silinda ta daidaita, aka sa sabon gaskit da famfo da tiyo da fambel da murfi. Sabon tamostat ɗin kuwa sai da na kai shi ɗakin gwaji na rataya shi a tukunyar ruwa tare da ma'aunin zafi, na ga ya buɗe a kan lambar da ke jikinsa, sa'an nan muka ɗaura. Maimakon ruwan rijiya muka zuba tataccen ruwa haɗe da ruwan sanyaya inji. Ana ɗaukar wannan ruwa a matsayin maganin ƙanƙara na ƙasashen sanyi, amma amfaninsa gare mu shi ne sinadaran hana tsatsa da ke cikinsa. Sai dai a yi hattara: sinadarin etilin-gilaikol da ake yin yawancinsa da shi yana da zaƙi, kuma guba ne mai lalata ƙoda. A nisanta shi daga yara da dabbobi.

Gargaɗi biyu ga direba. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin da zarar matsi ya sauka ruwan zai tafasa nan take ya yi feshi a fuska. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a injin da ya ƙone da zafi, don ƙarfe na iya tsagewa. A tsaya a inuwa, a bari ya huce.

Yanzu akori-kurar mahaifinmu ita ke kai ɗalibaina fadama ɗebo samfurin tsirrai da ƙwari. Allurarta kan hau zuwa tsakiya jim kaɗan bayan an tayar da ita, ta tsaya a nan, ko a hawa ko a gangare. Kafin mu kama hanya nakan ɗaga murfin inji in nuna musu tamostat, in ce su faɗa mini takwaransa a jikinsu. Har yanzu ban ga wanda ya faɗi wannan tambaya a jarrabawa ba.