Bayani a kan Buɗa-baki da Tukunyar da Babu Nama

Godiya ta tabbata ga Allah da ya rayar da ƙasa bayan bushewarta, ya ciyar da mu daga abin da take fitarwa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa musulmi, abin da ya sa muka keɓe zaman yau ga maganar tukunya shi ne wata ƙara da take zuwa zaurenmu kowace shekara idan azumi ya shiga goman tsakiya. Magidanci zai zo ransa a ɓace, ya ce kwana da kwanaki ana shan ruwa a gidansa ba a ga tsoka ba, iyali sun fara yi masa kallon wanda ya gaza. Wani gidan kuma matar ce take aiko da ɗan uwanta, ta ce maigida ya ture akushi don miya babu nama, alhali abin da ya bayar na cefane bai isa kayan miya ba. Na ukunsu, wanda ya fi ba mu tausayi, shi ne wanda yake karɓar nama bashi wurin mahauci tun ganin wata, ga salla ta tunkaro, ga ɗinkin yara, ga zakkar kono. Su ukun zato ɗaya ne ya haɗa su, cewa buɗa-bakin da babu nama tauyayye ne, mai shi kuma abin kunya ya same shi. Wannan zaton muke so mu kai gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, mu auna shi a can.

An wajabta azumi a shekara ta 2 bayan hijira, Annabi ya azumci Ramadan tara a Madina. To, me ake ci a ɗakunansa a waɗannan shekaru? Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta faɗa wa Urwatu ɗan yayarta Asma'u cewa sukan ga jinjirin wata sau uku a cikin wata biyu ba a hura wutar girki a ɗakunan Manzon Allah ba. Da ya tambaye ta da me suke rayuwa, ta ce dabino da ruwa, sai nonon da wasu maƙwabta daga Ansaru suke aikowa. Anas ɗan Malik, wanda ya yi masa hidima shekara 10, ya ce Annabi yana buɗa baki kafin salla da ɗanyen dabino, in babu da busasshe, in babu sai ya kurɓi ruwa. Gurasarsu ta sha'ir ce, kuma Sahlu ɗan Sa'adu ya ce ba su da rariya a wancan zamani: a niƙa, a hure abin da zai tashi na dusa, a kwaɓa sauran. Wata rana Annabi ya nemi mahaɗin gurasa wurin iyalinsa, aka ce babu komai sai khallu, wato ruwan tsamin nan da ake zubawa a salati. Ya ci da shi yana yabonsa. Bai tambayi inda aka kai kuɗin cefane ba.

Akwai labarin da muke so iyayenmu mata su riƙe, domin na wata tsohuwa ce irinsu. Shi dai Sahlu ya ce akwai wata tsohuwa a Madina mai shuka wani tsiro da ake kira silƙu a bakin magudanan ruwan gonarta. Idan Juma'a ta zo sai ta tuge saiwoyinsa ta zuba a tukunya, ta niƙa ɗan sha'ir cikin tafin hannu ta barbaɗa. Ya ce saiwoyin nan su ne a madadin nama, kuma babu kitse babu maiƙo a ciki. Sahabbai idan sun taso daga masallaci sai su biya su gaishe ta, ta miƙo musu, su lashe. Har ya ce sukan yi ɗokin zuwan Juma'a saboda wannan abinci. Ku dubi mutanen da suke ɗokin, ku dubi abin da suke ɗokinsa. Da a ce faten tsakin da aka zuba wa rama ko yakuwa aka kawo musu, da ba su ga bambanci mai yawa ba.

Ko ranar da aka sami nama ma, dubi inda hannunsa ya tafi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani maɗinki ya gayyaci Annabi, ya kawo gurasar sha'ir da romo mai kabewa da busasshen nama. Anas ya ce ya ga Annabi yana bin yankan kabewa a gefen akushi, shi ma tun daga ranar bai daina son kabewa ba.

A nan sai mu tsaya mu toshe wata ƙofa, kada wani ya fita ya ce malam ya hana nama. Nama halal ne mai daɗi, Annabi ya ci, yana kuma son karfata. Da shi ake layya, da shi ake suna. Muslim ya ruwaito cewa wasu mutane sun ɗaura wa kansu tsanani don neman lada, daga cikinsu har da wanda ya ce ba zai ƙara cin nama ba, Annabi ya yi inkarin haka a bainar jama'a. A Suratul Ma'ida Allah ya hana muminai haramta wa kansu daɗaɗan abubuwan da ya halatta. Akwai al'ummai, kamar mabiya addinin Hindu da yawa a Indiya, da suke barin nama a matsayin ibada; wannan aƙida ba tamu ba ce, ko da yake babu laifi a koyi sarrafa wake da ganye daga gare su, don sun gwanance. Abin da magabata suka ji tsoro shi ne sabo. A Muwaɗɗa, Sayyidina Umar ya yi gargaɗi cewa nama yana da jaraba irin ta giya: wanda ya saba, ranar da ya rasa sai ya rikice. Shi da kansa a shekarar yunwa da ake kira Amur Ramada, shekara ta 18, ya tsaya kan gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya canja, yana sarkin musulmi.

Wanda Allah ya kai shi Makka ko Madina cikin azumi ya ga yadda musulmin duniya suke buɗa baki, kuma mafi yawan abin da ya gani ba nama ba ne. A masallacin Annabi ana shimfiɗa leda tsakanin sahu, a jera dabino da kindirmo da gurasa da wani garin yaji da suke kira dukka, mai kuɗi da talaka gwiwa da gwiwa. A lungunan Makka kuwa alhazanmu sun san ful da gurasar tamis. Shi ful wake ne mai faɗi, ya fi namu girma da kaurin ɓawo. Mutanen Masar da Sudan suna jiƙa shi, su zuba a tukunya mai ƙaramin baki kamar tulu, su bar shi kan wuta kaɗan-kaɗan dare guda har ya narke. Sai a farfasa shi, a zuba gishiri da kamun da lemun tsami da albasa, a kwarara mai. Mutanen Sudan man riɗi suke so. Shi ne sahur ɗin mutanen Alƙahira, malamansu da leburorinsu, domin yana daɗewa a ciki, mai azumi ba ya saurin jin yunwa. Kakanninmu da suka bi ta Sudan a ƙasa zuwa hajji, wasu suka zauna can har yau, da irin wannan suka rayu, da balila, wato dafaffen wake ko hatsi, da wani abin sha da ake kira hilu-mur, ma'ana mai zaƙi mai ɗaci. Dawa ake tsirarwa a niƙa, a haɗa da kayan ƙamshi, a gasa falle-falle a kasko. Mata sukan taru su yi shi tun cikin Sha'aban, in azumi ya zo sai jiƙawa da tacewa.

A Maroko, ƙasar ƴan uwanmu Malikawa, da wuya a sha ruwa babu harira. Miya ce ta sha: tomati da albasa da adas da himmas, waɗanda dangin wake ne ƙanana, da ganyen ƙamshi da citta, in ta nuna a dama ɗan garin alkama a zuba don ta yi kauri. Mai hali yana jefa ƴan yankan nama, marar hali yana yin ta haka nan, kuma sunanta bai canja ba. A Indiya da Pakistan, adas ɗin nan ake dafawa da kurkum har ya yi laushi, a soya albasa da tafarnuwa a mai a juye a kai, su ce dal, a ci da shinkafa ko gurasa. Garin himmas kuma suna kwaɓa shi da albasa su soya, su ce pakora, wanda in ka gan shi ka ga ƙanen ƙosai.

To, mu da Allah ya sa ƙasarmu cikin waɗanda suka fi kowa noman wake a duniya, ga albasar Galmi da ake nema har bakin teku, ga zogale, ga gyaɗa da riɗi, me aka fi mu da shi? Muna sayar da wake buhu-buhu a tsallaka da shi iyaka, sa'an nan mu ci bashin nama. Likitoci sun bayyana cewa wake idan ya haɗu da hatsi yana gina jiki, kuma iyayenmu sun riga su sani a aikace, shi ya sa suka bar mana shinkafa da wake, da ɗan wake, da ƙosai da kunun tsamiya, da dambu da kwaɗon zogale mai ƙuli-ƙuli. Uwargida ta gwada dafa wakenmu irin dahuwar ful: ta jiƙa tun rana, ta bar shi ya narke sarai, ta sa man gyaɗa da albasa da lemun tsami, a ci da burodi a sahur.

Wani ɗalibi ya taɓa ce mana, ai a Suratul Baƙara an zargi Bani Isra'ila don sun roƙi ganye da adas da albasa. Muka ce masa ya koma tafsiri. An zarge su ne don Allah yana saukar musu da mannu da salwa ba wahala, suka ce sun gaji da abinci iri ɗaya. Laifin raina abin da aka ba su ne. Tsirran kansu kuwa, a Suratu Abasa an lissafa hatsi da inabi da ganye da zaitun da dabino cikin ni'imomin da aka umurci mutum ya duba. Saboda haka mai ture akushin miyar kuka ya lura da ɓangaren da ya tsaya a cikin wannan ƙissa.

Sai kayan zaƙi. Nana A'isha ta ce Annabi yana son abin zaƙi da zuma, don haka babu mai cewa son su rashin tsoron Allah ne. Walimar aurensa da Nana Safiyya, a hanyar dawowa daga Khaibara shekara ta 7, babu gurasa babu nama. Haisu aka yi, wato dabino da man shanu da busasshen nono mai kama da cukun da ake kawo mana daga arewa, a cire ƙwallon dabino a cuɗa su wuri guda. Kowane gida a nan yana iya yin sa. Mutanen Masar da Sham suna da kunafa da ƙaɗayif, mutanen Maroko suna da shabbakiya, wadda ake soyawa a tsoma a zuma a barbaɗa riɗi, ƴar uwar alkaki da dubulan. A Indonesiya ayaba da dankali suke dafawa a madarar kwakwa da wani sukari mai kama da mazarƙwaila, su ce kolak. Abu biyu kawai za mu ce. Mai ciwon sukari ya bi maganar likitansa, kada ya ce dabino sunna ne ya cika ciki da shi, domin kurɓin ruwa ma yana cikin abin da Anas ya ruwaito. Na biyu, waɗannan abubuwa suna cin lokaci. Matar da ta shiga madafa tun azahar, tana suya iri biyar har kiran magariba, ta fito ba ta iya tsayuwar asham, ita ma an wajabta mata azumin nan, ita ma tana son ta sauke Alƙur'ani. Maigidan da ya ce iri biyu sun isa ya ba ta sadakar da ba ta ci masa ko dala ba.

Shi kuma ɗan uwanmu mai bashin mahauci, ya je gobe da safe su yi lissafi, a san adadi da ranar biya a gaban shaida, ya tsaya nan kada ya ƙara. Abin da ya rage a hannunsa ya fara ware zakkar kono daga ciki: sa'i ɗaya, wato mudun Annabi huɗu, ga kansa da kowane wanda ciyar da shi ya wajaba a kansa, daga abincin da mutanen gari suka fi ci, wanda a yawancin garuruwanmu gero ne.