Idan Aksil Ɗin Gaban Tarakta Ya Fara Kuka

A tarakta mai jan ƙafa huɗu, difaransha ce ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Shi ya sa ƙarar da ke fitowa a kwana kaɗai takan nuna ƙananan giyoyinta sun cinye. Gunji a miƙaƙƙiyar hanya kuwa, a duba boris ko babbar giya da finiyo.

Kafin a kwance komai, a tsiyaye man aksil ɗin. Idan ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga ta sil. Idan akwai ɓurɓushin ƙarfe a jikin murfin wurin tsiyayar man, ƙarfe na cin ƙarfe. A ɗaga aksil ɗin da jak, a girgiza taya don a duba boris. Babbar giya da finiyo tare ake sauya su, kada a yarda da rabin gyara.