3.4 Zaɓi Tsakanin Linux na Gayya da na Kamfani

Kamar yadda aka yi bayani a sashen da ya gabata, cibiyar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, ba ta isa ta tafiyar da kwamfuta ita kaɗai ba, sai an haɗa ta da wasu manhajoji. Masu wannan haɗi sun kasu gida biyu.

Kashi na farko shi ne na aikin gayya, kamar Debian da Ian Murdock ya assasa a 1993. 'Yan sa-kai ne ke riƙe da ita, su ke zaɓen shugabansu ta hanyar ƙuri'a, kuma kyauta ake samunta. Sai dai in ta ba da matsala, babu wanda za a ci wa kwala. Kashi na biyu kuwa na kamfani ne, misali Red Hat Enterprise Linux, inda ake biyan kuɗi, kamfanin kuma ya ɗauki nauyin gyare-gyare har shekara 10.

Abin lura a nan shi ne wanda ke da wuƙa da nama. CentOS da gayya ta faro, kafin ta koma ƙarƙashin Red Hat a 2014. A Disamban 2020 aka sanar cewa kulawa da CentOS Linux 8 za ta tsaya a ƙarshen 2021, maimakon 2029 da aka tsara tun farko. Ma'aikatun da suka dogara da ita sai da suka yi ƙaura babu shiri, wasu zuwa Rocky Linux, wasu AlmaLinux. Saboda haka, a ra'ayin mai wannan bincike, makarantar da ke da ƙwararren ma'aikaci amma aljihunta bai da nauyi, Debian ta fi dacewa da ita.