Me ke sa kayan kiɗan haɗin gida yin ƙugi a lasifika?

A ƙauyukan Batsari da Safana da ke yammacin jihar Katsina, da wuya a yi biki a yau ba tare da lasifika da janareta ba. Wannan ya sa mai gurmi ko garaya, da ma saurayin da ya haɗa jita da katako, ke neman hanyar jona kayan kiɗansa da na'urar ƙara sauti. Sau da yawa, da an jona sai wani ƙugi ya cika wuri tun ba a taɓa tsirkiya ba.

Haɗa kayan kiɗa da abin da aka samu a hannu ba baƙon abu ba ne. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a shekarar 2015, ya yi suna ne da kuntigi, wanda akan yi da gwangwanin kifi a rufe shi da fata. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko. A Amurka kuma, tun ƙarni na 19 talakawa ke yin jita da akwatin sigari na katako, kuma masu wannan sana'a a can na fama da irin wannan ƙugi.

Inda ƙugin ke fitowa

Wutar lantarki a Najeriya tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa. Duk wayar da ke ɗauke da ita tana watsa wani ɓangare na wannan motsi a kewayenta. Saƙon da ke fitowa daga tsirkiya kuwa rauni ne da shi ƙwarai, don haka in wayar da ke ɗauke da shi ba ta da kariya, sai ta kwaso motsin wutar, na'ura ta ƙara su gaba ɗaya.

Idan janareta ne, akan ji ƙugin yana hawa yana sauka, domin gudun injin yana sauyawa duk lokacin da aka ƙara masa kaya. Cajar waya mai araha, da wasu ƙwayayen fitila, da ƙaramar inbatar sola, nasu sautin ya fi kaifi, kamar kukan ƙudan zuma.

Abin da ke ɗaukar sautin iri biyu ne. Akwai ɗan faifan fiyezo da ake liƙawa kusa da inda tsirkiya ke hawa, wanda ke mayar da girgiza ta zama lantarki, dabarar da 'yan'uwan nan Pierre da Jacques Curie suka gano a Faransa a 1880. Shi ne ya dace da gurmi, tunda ba ruwansa da irin tsirkiyar. Akwai kuma na maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, wanda ba ya aiki sai da tsirkiyar ƙarfe.

Gano laifin kafin a kwance

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara kwance wayoyi tun ba a san inda cutar take ba. Alhali ƙugin da kansa yana nuna wurin.

Da farko a zare wayar kayan kiɗan daga na'urar. In ƙugin bai tafi ba, kayan kiɗan ba su da laifi, sai a duba na'urar ko wutar da ake ba ta. In da hali a gwada ta da batir kaɗai.

Daga nan sai gwajin yatsa, kuma da batir ya kamata a yi shi. A taɓa ƙarfen ramin da ake soka waya. In ƙugin ya ragu, haɗin daidai yake, kariya ce ta yi ƙaranci. In ya ƙaru, akwai alamar an juya wayoyin biyu, wato an sa mai ɗauke da sauti a gurbin ta ƙasa, ko kuma ta ƙasan ta cire. Gyaran bai wuce ɗigon dalma biyu ba.

Maganin rashin kariya shi ne a bar amfani da wayar fitila ta gida, a nemi wadda ke da saƙar ƙarfe a kewayenta, a kuma gajarta ta. A shimfiɗa takardar alminiyam a cikin ƙwarya ko akwatin, sannan a haɗa ta da wayar ƙasa. Takardar da ba a haɗa ba aikin banza ce. A nan gwangwanin kuntigi ya fi akwatin Amurkawa, domin shi kansa ƙarfe ne, da an jona shi ya zama kariya.

In kuwa ƙugin yana sauyawa yayin da makaɗi ya juya jikinsa, to na maganaɗisu ne ke jin janareta ko taransifoma. Takarda ba ta maganin wannan, sai a nisanta. Domin irinsa ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera mai naɗi biyu a 1955, inda ɗaya ke kashe ƙugin ɗaya.

Ƙarar ƙas-ƙas idan an motsa waya kuwa, yawanci dalma ce ta saki, ko ƙurar hunturu ta shiga rami.

Gyaran da ke kisa

Akwai dabarar da wasu ke yi, ta cire ƙafa ta uku a filogin na'urar. Wani lokaci ƙugin kan ragu, shi ya sa ake yaba ta. Sai dai wannan ƙafa ita ce hanyar da wuta ke bi ta tsere zuwa ƙasa idan wani abu ya lalace a ciki. Da zarar an cire ta, hanyar da ta rage ita ce hannun makaɗin da ke kan tsirkiyar ƙarfe, musamman in yana tsaye ba takalmi a kan ƙasar damina.

Hakan ya sha faruwa. A 1972 wuta ta kashe Leslie Harvey, wani makaɗin jita ɗan Birtaniya, a gaban 'yan kallo a garin Swansea, bayan ya taɓa makirfo da ba a haɗa da ƙasa ba. A 1976 Keith Relf ya mutu a gidansa da ke London ta irin wannan hanya, yana kaɗa jita.

Haɗarin ya fi yawa a karkara, inda soket da dama ba su da wayar ƙasa tun asali, kuma akan ajiye ƙaramin janareta ba tare da an kafa masa sandar ƙarfe a ƙasa ba. Ko an kafa, busasshiyar ƙasar rani ba ta jan wuta sosai, abin da ya sa masu aikin lantarki ke zurfafa sandar har ta kai danshi. Akwai kuma na'urar da ke yanke wuta nan take idan abin da ke zurarewa ya kai miliamfiya 30, kuma ana iya sa ta tsakanin janareta da kayan sauti.

Makaɗin da ya ji ɗan tsikari a leɓe lokacin da ya kusanci makirfo, wuta ce ta fara bi ta jikinsa. Abin yi shi ne a kashe injin nan take, a kira mai gyara kafin a ci gaba da wasa.