Akwai Dukiya A Cikin Juji

Duk wanda ya bi ta Zuba, a kan hanyar Kaduna, ya san kasuwar 'ya'yan itace da ke can. Kullum manyan motoci suna sauke lemo da mangwaro daga ƙasar Binuwai, da abarba da ayaba daga kudu. To, amma mai sayen lemo ruwansa kaɗai yake so. In an matse shi, kusan rabin nauyinsa ɓawo ne da tuƙa da ƙwaya. Waɗannan duka sai juji, su ruɓe, ƙudaje su taru a kansu.

Ni ma dā shara na ɗauke su, sai da malaminmu na kimiyya ya buɗe mana ido. Ashe cikin ɓawon lemo akwai mai, wanda ake sa wa sabulu da turare. Cikin farin nan na ɓawon kuwa akwai wani abu mai yauƙi da ake kira fektin, wanda ke sa kayan zaƙi su yi kauri. Har wa yau akwai zare a cikinsa, kamar yadda yake cikin ganyen abarba.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu gane wannan. A tsibirin Sisili na Italiya, a 2014, waɗansu mata biyu suka kafa kamfanin Orange Fiber, inda ake yin yadi daga ɓawon lemo. Wata mutuniyar Sifen kuma, Carmen Hijosa, ta ƙago wani abu kamar fata daga ganyen abarba na ƙasar Filifin, ana ɗinka takalma da jakunkuna da shi. Mu ma nan Abuja muna da hukumar RMRDC a Maitama, wadda aka kafa a 1987 domin binciken kayan da masana'antu za su samu a gida.

Sa'ad da aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata firamare kusa da Gwagwalada, na ce bari in gwada. Yarana suka roƙo ganyen kan abarba wurin masu talla. Muka yayyanka shi, muka dafa da kanwa har ya yi laushi, muka wanke, muka daka a turmi. Sa'an nan muka dama da ruwa, muka shimfiɗa bisa tsohon gidan sauro da muka ɗaure a katako, muka shanya. Washegari sai ga takarda! Gaskiya ba fara ba ce, tana da kaushi, ruwa kuma yana lalata ta. Duk da haka ta ƙunshe mana gyaɗa, mun kuma yi zane a kanta.

Amfanin abin a fili yake. Ledar da muke yarwa takan shekara da shekaru ba ta ruɓe ba, tana toshe lambatu, awaki su ci su mutu. Takardar abarba kuwa, in ta gama aiki sai ta koma ƙasa ta zama taki.

Saboda haka, 'yan'uwana masu shirin zama malamai, kada mu ce sai an ba mu ɗakin gwaji tukuna. Turmi da kanwa da tukunya suna kowane gida. Yaron da ya yi takarda da hannunsa ba zai ƙara duban juji kamar dā ba.